Ɗigo Ɗaya a Bisa

Shekarar da aka ɗora mini ajin matan aure a Dogon Dutsi, na riga na gaji da alli. Da safe ina koyar da yara Larabci a makarantar franko-arab, mai haɗa Faransanci da Larabci, in dawo gida da dusasshiyar murya, in ɗora tukunya, in sauke, kafin in miƙe ƙafa an kira azahar. Ajin matan kuwa daga azahar ne zuwa la'asar, a wata rumfar kwano da samarin 'yan kasuwar unguwarmu suka kafa a bayan shagunansu, dab da kwalta. In babbar mota ta taho sai mu yi shiru mu jira ta wuce, don ko ni ba na jin abin da nake faɗa. Ban nemi aikin ba. An ce babu wata mace a unguwar da za ta iya, ni kuma bakina bai iya cewa a'a ba, ciwon da har yau ban samo maganinsa ba.

Matan da suka rubuta suna sun fi ashirin. Akwai amaren da suka ɗan taɓa lakwal, wato makarantar boko, akwai masu goyo, akwai wata Bafulatana mai tallan nono da take ajiye ƙwaryarta a bakin rumfa tana leƙenta kowane lokaci. Akwai kuma wata tsohuwa mai sayar da kopto, wato kwaɗon zogale, a bakin tasha, wadda duk muke kira Gwaggo. Ta haura sittin, sallarta ba ta wuce ta, surorinta na salla suna kanta, amma ko alif ba ta taɓa ja ba. Dukansu haka suke, Alƙur'ani suke so su buɗe su karanta da idonsu.

Wanda bai taɓa koyar da sabon shiga ba zai ɗauka abin da sauƙi, ka hau tabulo, wato baƙin allon aji, ka rubuta alif, ba, ta. To da wane hannu? A ƙasarmu hannu biyu ne. Akwai hannun allo, wanda kakanninmu suka gada, mai kauri, mai nauyi, wanda alƙalamin gamba yake zubawa. Akwai kuma hannun bugu, siriri, wanda yake cikin Alƙur'anan da alhazai suke tsarabarsu da littattafan makaranta da salula. Yawancin baƙaƙen suna kama da juna, in ka san wannan za ka lallaɓa ka gane wancan. Inda suka raba hanya sarai shi ne wajen fa da ƙaf. A hannun allo, fa ɗigonta ɗaya a ƙasa, ƙaf ɗigonta ɗaya a bisa. A hannun bugu, fa ɗigonta ɗaya a bisa, ƙaf ɗigo biyu a bisa. Ke nan harafi mai ɗigo ɗaya a bisa, a can ƙaf ce, a nan fa ce.

Ni na san zafin wannan a jikina. Mahaifina malamin allo ne a wani ƙauye da ke gaba da Dogon Kiriya, shi ya fara ɗora mini babbaƙu. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, saboda haka bai taɓa kirana da suna ba, sai Uwata. Amma in na kawo masa allo ba ruwansa da uwa. Zai karɓa, ya ɗan nisanta shi daga idonsa, ya duba, sannan ya yanke hukunci da kalma biyu. In rubutu ya yi kyau ya ce, "Ya yi." In bai yi ba ya ce, "Ya ƙi," ya miƙo maka ka je ka wanke. Ba ya faɗa, ba ya duka, amma da a ce maka "ya ƙi" gara a tsula maka bulala. Na ji "ya ƙi" sau ba adadi kafin in ji "ya yi" ta farko, kuma har yau in tuwo ya ɓaci a hannuna da muryarsa nake jin kalmar.

Shi ɗigo ruwa yake ce masa. "Fa, ruwanta ƙasa. Ƙaf, ruwanta bisa." Haka muke rerawa har ya zauna. Shi ya koya mini ajami kuma, ya nuna mini cewa abin da mu Arawa, mutanen wannan yanki, muke furtawa hura da tahi da hi, malamai da fa suke rubuta shi, fura da tafi da fi. Na tambaye shi dalili, ya ce, "Haka munka iske, Uwata. Baki da nashi, alƙalami da nashi."

Da aka kawo ni gari aka sa ni makaranta, ranar farko malami ya miƙo mini littafi ya ce in karanta. Na ga ɗigo ɗaya a bisa, na buɗe baki da ƙarfina, ni ɗiyar malam, na ce "ƙil ardi" a inda aka rubuta "fil ardi". Ajin ya tuntsure da dariya. Wata uku na yi ina tuntuɓe a kan harafin nan, alhali ina yarinya, kaina babu tukunya babu goyo. Shi ya sa na san ba a ba sabon shiga hannu biyu. Ba a tauna taura biyu, balle ga wanda haƙoransa suka fara girgiza.

Samarin da suka kafa rumfar sun kira ni shagon babbansu don mu tsayar da magana. Yara ne masu himma, ba zan ci haƙƙinsu ba. Sun sayo Alƙur'anai kwali guda, duk na bugu, sun sayo kaye da bik, wato littattafan rubutu da biro. Sai dai babban nasu, wanda na girme shi nesa ba kusa ba, yana magana yana duba salularsa, ya ce, "Malama, ai ba wata shawara. Wancan rubutun na masu laya da rubutun sha na. Mu so muke mata su yi karatu na gaskiya."

Na ce masa, "Da wanga rubutun da kake rainawa anka koya ma uban da ya haihe ka Fatiha. In karatun ƙarya na, sai ka tahi ka rama mishi sallolinai." Ya ajiye salular ya ba ni haƙuri, na ce a ba ni mako biyu in yi tunani, na fito ina huci kamar na ci nasara.

Abin haushin shi ne, tun kafin in shiga shagon na san hannun bugu zan zaɓa. Ba don maganar yaron ba. Duk gidan da matan nan za su koma, Alƙur'anin da yake ajiye a ɗaki na bugu ne. 'Ya'yansu da za su riƙa yi musu bita shi suka sani. In na koya musu hannun allo, na ba su mabuɗin ɗakin da ba a cikin gidansu yake ba. Na auna ta ɗaya wajen kuma, don hannun allo yana da nasa alherin, kaurinsa ya fi daɗin gani ga ido irin na Gwaggo. Har na tsaya wurin tallanta na tambaye ta wanda take so. Tana ƙulla kopto a leda ta ce, "Ni dai Malama, wanda za ni iya karantawa kahin in mutu. Ke kin hi ni sanin wane na."

Abin da ya tsaya mini a wuya Baba ne. Shekara hamsin yana zuba hannun allo, ya sauke Alƙur'ani da alƙalaminsa ba sau ɗaya ba, kuma cikin 'ya'yansa ni kaɗai na gaji karatun. In na juya wa hannunsa baya, a gidanmu ya ƙare ke nan. Ba na so in yi haka a ɓoye. So nake ya sa mini albarka, ko da da ka ne.

A lokacin shekara guda ke nan da ciwo ya kayar da shi. Barin jikinsa na dama ya shanye, bakinsa ya karkace, magana ta tafi, sai wani gurnani da Inna kaɗai take fassarawa, ita ma rabi da rabi. Hankalinsa kuwa garau. Damina ta yi tsakiya, hanyar ƙauyenmu yashi ne da kwazazzabai, mota sai ranar kasuwa, ita ma in ta ga dama. Ga gida ba mai riƙe mini. Sai na samo farar takarda biyu. A ɗaya na jera baƙaƙe da hannun allo, da gamba da tawada, yadda ya koya mini. A ɗayar na jera su da hannun bugu. Na haɗa da 'yar wasiƙa da ajami, na ce masa ga aikin da aka ba ni, ga dalilaina, raina ya fi karkata ga na bugu, amma ina jiran abin da zai ce. Na ba direban motar kasuwa, wanda ɗan ƙauyenmu ne.

Mako biyun da na nema suka wuce, na uku ya shiga. Ran nan ina tsakar gida ina wanki sai ga saƙo daga tasha, leda a ƙulle. Takarda ɗaya ce ta dawo, ta hannun bugu, an ninke ta huɗu. Na goge hannuna a zane na buɗe.

A ƙarƙashin baƙaƙen da na jera akwai rubutu. Da ban san daga inda ya fito ba da ban ce na Baba ba ne. Da hannun hagu ya yi shi, mutumin da ko ƙwarya bai taɓa karɓa da hagu ba. Layin ya gangara kamar sawun kaza, baƙaƙen suna rawa, ba za ka ce ga irin hannun da aka bi ba. Amma ya sa wa kowane harafi wasalinsa. Na karanta: wanga ya, sai harafi na ƙarshe. Wutsiyarsa ta karkace, ba ta kwanta irin ta fa ba, ba ta nutse irin ta ƙaf ba. A bisansa ɗigo ɗaya, baƙi ƙirin, an danna shi sosai.

Ƙaf, ruwanta bisa. Wanga ya ƙi.

Na zauna a kan turmi. Akwai wani layi a ƙasa, a daidai ninkin takardar, na hango ya fara da sunan Allah, na san addu'ar rufewa ce irin wadda yake sa wa kowace wasiƙa. Ban karanta ba. Idona ya riga ya cika, kuma a lokacin ba addu'a nake so ba. Na mayar da takardar yadda take, na cusa ta can cikin aljihun jakar makaranta. Na ji zafi, na ji kunya, kuma ba zan ɓoye ba, na ji haushinsa. Mace da 'ya'yanta, da furfura ta fara leƙowa, a ce har yanzu ana miƙo mata allo ta je ta wanke.

Kwana biyu ina juya abin. A rana ta uku na hau tabulo na rubuta baƙaƙe da hannun bugu. Da na zo kan fa na ɗora mata ɗigonta a bisa, sai na ji kamar na ɗaga wa Baba murya a gaban mutane. Ban taɓa saɓa masa a kan karatu ba sai ranar. Ban gaya wa kowa ba, ko maigidana.

Daga nan sai wahala ta yau da gobe, wadda ba ta da labari mai daɗi. Amaren da suka yi lakwal kullum daga hagu suke farawa, in na juya baya sun mayar da kayen yadda suka saba. Masu goyo suna rubutu yaro yana jan bik. Bafulatanar nan ta fi kowa saurin ganewa, ita ce ta ce harafin ba ƙwarya ce mai yoyo, harafin ta kuwa ƙwarya ce da ƙuda biyu suke shawagi a kanta, amma da kaka ta yi suka tashi da shanunsu, ban sake ganinta ba. Wata ta yi wata biyu ta haihu, ta dawo ta manta komai, mu koma alif. Wata mijinta ya ce abincin rana yana makara. Kwanon rumfar in ya ɗauki zafi sai ka ji kamar a cikin tanda kake, ga motoci, ga ƙurar alli a maƙogwaro. Sau da yawa ina tsaye ina cewa "a maimaita" alhali ban san abin da ake maimaitawa ba.

Gwaggo kuwa ta riƙe bik kamar muciya. Wata shida tana faɗa da jim da ha. In ta yi kuskure sai ta yi wa kanta faɗa da ƙarfi, "Kai, tsohuwar banza, jiya hwa kin san shi!" Ajin ya yi dariya, ita ma ta yi. An ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, na kuwa gaskata, amma wannan busasshen bai yarda ya karye ba. Ba ta taɓa fashi ba. Takan bar wa maƙwabciyarta tallan ta taho da warin albasa a hannunta, ta zauna a gaba, ta ce, "To Malama, a ƙara mini."

Da can duk ƙarshen wata nakan je gida. Bayan takardar nan sai na fara samun dalili. Hanya ba kyau, jarrabawa ta matso, yaro ba lafiya. Dalilan duk gaskiya ne, amma ba su ne suka hana ni ba. Ba na so in zauna a gaban mutumin da ya ce mini a'a na yi gaban kaina. Sai bayan an gama girbi, da Inna ta aiko cewa ko na manta hanya ne, sannan na shirya na tafi.

Na iske shi a zaure, an jingina shi da bango, ya rame. Da ya gan ni idonsa ya yi haske. Na durƙusa na gaishe shi, ya kamo hannuna da hagunsa ya riƙe gam. Sai ya sake ni, ya ɗaga yatsa ɗaya, ya zana wani abu a iska, ya ɗora masa ɗigo a bisa. Ya dube ni. Ya sake ɗigawa, yana gyaɗa kai, yana wannan gurnani nasa, gefen bakinsa mai rai yana motsi.

Na sunkuyar da kai na ce, "Na gani, Baba. Na ji." Ya sake ɗaga yatsan. Na ce, "Bari in taya Inna aiki," na tashi na bar shi da hannu a sama.

A madafa Inna tana tankaɗe ta ce, "Kin dai samu takardarki?"

Na ce na samu.

"Kwana da kwanaki Malam shina hwama da ita. Ya aza taki gaba, shi duba, shi rubuta, shi yage. Takardun da ya ɓata sun isa hura wuta. Hannun ga na hagu har kumburi ya yi. Amma ke ko ki aiko ki ce kin gani."

"Mi za ni cewa, Inna?"

Ta dube ni, ta ci gaba da tankaɗenta. Inna ba ta karatu, ba ta san abin da yake cikin takardar ba. Ni kuma abin da na ɗauka shi ne, dubi irin wahalar da ya sha don kawai ya ce mini ban yi daidai ba. Kwana ɗaya na yi na juyo. Da zan tafi na yi masa sallama daga bakin zaure, ina gyara lulluɓi, don kada ya sake kama hannuna.

Sau biyu na ƙara ganinsa, duk a tsaitsaye, duk cikin mutane. Da bazara ta yi tsanani ya rasu. Motar da na samu ta kafe a yashi, kafin in isa an kai shi. Mutane suna ta cewa ya rabu da kowa lafiya, ina amsawa da amin, a raina ina cewa ban da ni. Haka na dawo na ci gaba da hawa tabulo. Duk fa da na ɗiga wa ɗigo a bisa sai na tuna, kuma fa ba ta ƙarewa a cikin karatu.

Shekara biyu suka wuce a haka. Ajin ya zube ya koma mutum bakwai, ran da aka yi sa'a. Samarin sun buɗe wani aji a wata unguwa, hankalinsu ya koma can. Na sha cewa daga wannan wata na ajiye, sai in tuna Gwaggo. Ta gama babbaƙu, ta gama farfaru, ta fara haɗa kalma, a hankali kamar mai tsallake rafi a kan duwatsu. Kuma wani ciwo ya kama ta, duk abin da ta gani da baƙaƙen Larabci sai ta karanta. Kwalin dabino, kwalin shayi, rubutun bayan manyan motoci. Ta ce mini wata rana har mai kabu-kabu ya kusa kwashe ta, tana tsakiyar kwalta tana haɗa "Masha Allah" a bayan wata tirela.

Ranar da zan ba da labari mutum huɗu ne suka zo, zafi ya kori sauran. Na nemi alli a jaka ban samu ba, raina a ɓace na zazzage jakar a kan tabarma. Takardar ta faɗo ta yi gefe. Kafin in kai hannu Gwaggo ta riga ni, don ba ta barin takarda a ƙasa, kada a ce da sunan Allah a ciki. Ta kaɗe ta, ta buɗe. Na ce ta kawo. Ta ce, "Tsaya Malama, wanga da wasali shi ke, bari in gwada."

Na gaji da yawa, ban iya ja da ita ba. Ta nisanta takardar daga idonta, ta sa yatsa.

"Wa... wan... ga. Wanga. Ashe Hausa ta! Ya... fi. Wanga ya fi." Ta ɗago tana murna. "Wato ya hi. Mi na na ya hi, Malama?"

Na ce, "Ƙi na, Gwaggo, ba fi ba. Wanga hannun allo na. Can ɗigo guda bisa ƙaf ta. Wanga ya ƙi."

Ta ce to, ta mayar da kai, ba ta ji daɗi ba. Yatsan ya gangara layi na biyu, wanda ninki ya cinye rabinsa, ta baje shi a kan gwiwarta.

"Allah... shi... ƙa... ra. To Malama, in mai ɗigo guda ita ta ƙaf, wagga mai biyu hwa, mi ta?"

Na karɓi takardar. Allah shi ƙara miki basira, Uwata. A kan ƙaf ɗin ƙara akwai ɗigo biyu. Ɗaya ya fi ɗaya girma, sun ɗan rabu da juna kamar ba da niyyar zama tare suka zo ba, amma biyu ne, kowanne an danna shi. Tun da Baba ya fara riƙe alƙalami bai taɓa ɗora wa ƙaf ɗigo biyu ba. Hannun allo bai san wannan ba.

Sai maganar Inna ta dawo mini, ya aza taki gaba, shi duba, shi rubuta, shi yage. Ashe koyo yake yi. Tsoho mai shanyayyen jiki ya zauna da takardata a gabansa kamar sabon shiga, ya koyi hannun bugu da hagu, don ya ba ni amsa da hannun da na zaɓa. Wanga ya fi. Shi ya sa wannan takardar kaɗai ya maido, ya riƙe ta hannun allo a wurinsa. Yatsan da ya ɗaga a zaure, fa yake nuna mini, yana so in ga ya iya, in yi dariya, in ce masa ya yi. Shi ya rubuto da hannuna, ni na karanta da nasa. Albarkar da na yi ta kukan rashinta shekara biyu da rabi tana cikin jakata, ina yawo da ita makaranta da kasuwa, har gidan makokinsa na je da ita. Da na haƙura na karanta layi ɗaya, da ban bar shi da hannu a sama ba.

Ban san tsawon lokacin da na yi ina duban ɗigon nan biyu ba. Gwaggo ta matso, ta taɓa gwiwata, a tsorace, tana zaton ita ta yi laifi.

"Malama, na ɓata ko? In sake?"

Na buɗe baki ke nan sai ga babbar mota ta taho a kan kwalta, rumfar ta ɗauki rawa. Muka jira ta kamar kullum. Ban taɓa gode wa motar nan ba sai ranar, na so a ce ta fi haka tsawo. Da ƙararta ta yi nisa Gwaggo tana nan tana dubana, tana jiran hukunci.

Na ce, "Ya yi, Gwaggo. Ke kinka karanta daidai."

Ta yi ajiyar zuciya, ta gyara zama, ta ce to in haka ne a ƙara mata. Allin yana nan a kan tabarma, cikin tarkacen da na zazzage. Na ɗauka na tashi.